Jin waƙa a waya: kafin mu biya kuɗin "cikakken sauti", mu duba abin da ke isowa kunne

A watan Satumban 2025 ne kamfanin Spotify ya fara bai wa masu biyan kuɗin wata abin da ya yi musu alkawari tun Fabrairun 2021, wato waƙa da cikakken sautinta, wadda ba a matse ta an zubar da komai daga cikinta ba. A manhajar sunan abin Lossless. An yi shekara huɗu da rabi ana jira, kuma wata guda kafin ya iso, kamfanin ya sanar da ƙarin farashi a ƙasashe da dama har da na Afirka. Apple Music ya riga shi tun Yunin 2021, bai ƙara ko sisin kwabo ba a lokacin, sai a Oktoban 2022 ya ɗaga farashinsa na Amurka daga dala 9.99 zuwa 10.99. Shi kuwa Tidal, wanda a da yake sayar da irin wannan sauti a kan dala 19.99, ya sauko ya haɗe shi da sauran a dala 10.99 a 2024.

Maganar ta shigo Zango. A bakin shagunan waya na Tip Toe Lane a Akra, da majalisun samari a Nima da Asawase da Aboabo, ana ta musu a kan wace manhaja ce ta fi sauti, kuma akwai masu ganin wanda bai kunna wannan sabon abu ba an bar shi a baya. Ra'ayin wannan shafi shi ne, ga mafi yawan masu karanta mu, kuɗin da za a kashe don neman cikakken sauti ruwa ne aka zuba a kwando. Sautin gaskiya ne, yana nan, amma ba ya isowa kunnenmu ta irin kayan da muke da su, kuma kuɗin da yake ci ba ya cikin farashin da ake rubutawa a talla.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don da yawa ana musun ne ba a san a kan me ake yi ba. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1982, yana ɗibar sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma yana cin kilobit 1,411 a daƙiƙar. An zaɓi wannan adadi ne don ya rufe duk abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji, wanda iyakarsa ga yaro mai lafiyayyen kunne ita ce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, kuma tana raguwa da shekaru. Matsalar ita ce fayil ɗin yana da nauyi. Sai injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka zo da MP3 a farkon shekarun 1990, da wata dabara da kowa ya taɓa zuwa wajen biki zai gane: idan ana buga ganga kusa da kai, ba ka jin mai yi maka raɗa a gefe. To tunda ba ka jin raɗar, me ya sa za a ajiye ta? Aka zubar da duk sautin da wani ya danne, fayil ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansa. AAC da Apple ke amfani da shi, da Ogg Vorbis na Spotify, duk 'ya'yan wannan dabara ne, sai dai sun fi ta iya aiki.

Yawan abin da aka zubar shi ne ke bambanta mataki da mataki. A Spotify akwai na kilobit 24, da 96, da 160, sannan 320 ga masu biya. Tsakanin 24 da 160 ko kurma ya matso zai ji bambanci: a na ƙasa kiɗan yana rawa kamar ana jin sa ta cikin ruwa. Tsakanin 96 da 160 mai kunne zai ji, musamman a ƙarar kuge da tafi. Amma daga 256 ko 320 zuwa cikakken sauti, nan ne ake cinikin biri a sama. Ba mu muka faɗa ba, Apple da kansa ya rubuta a shafinsa na taimakon masu saye cewa kusan ba a iya bambance AAC da cikakken sauti. Mai kaya ke nan fa yake gaya maka haka, bayan ya gama tallarsa.

Yanzu ga lissafin da ba a sa wa a allon talla. Wanda ke jin waƙa kai tsaye daga intanet a kan kilobit 96, awa ɗaya tana cinye masa mega 43. A 160, mega 72. A 320, mega 144. Apple ya ba da nasa alƙaluman a cikin saitin wayoyinsa: waƙa mai minti uku tana cin mega 6 a matakin 256, mega 36 a cikakken sauti, mega 145 a mataki na ƙoli. Wato awa ɗaya ta cikakken sauti mega 720 ne, ta ƙoli kuwa kusan giga 3. Ɗauki direban trotro, ko tela, ko mai aski, wanda waƙa ke tashi a wajensa awa biyu kawai a rana, kuma mun san sun fi haka. A wata, kilobit 96 zai ci masa giga biyu da rabi da 'yan kai, 320 zai ci fiye da giga takwas da rabi, cikakken sautin Apple zai kai shi giga 43. Gaskiya ne manhaja tana ajiye waƙar da ka saba maimaitawa, lissafin yakan ragu. Duk da haka kowa ya san nawa yake sayen giga ɗaya, sai ya ninka da kansa. A ƙasar da mafi ƙarancin albashin yini ya kasance sidi 19.97 a 2025, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma yana tafiya ne ga kamfanin sadarwa, mawaƙi ba ya ganin komai daga ciki.

Wani zai ce ai sai a sauke waƙoƙin a ajiye. To, a ajiye a ina? Lissafin Apple ɗin dai ya nuna giga 10 na ɗaukar waƙa kusan 3,000 a matakin 256, waƙa 1,000 a cikakken sauti, 200 kacal a na ƙoli. Wayoyin da suka cika hannun mutanenmu, su itel da Tecno da Infinix masu giga 32 ko 64, tuni hotunan suna da bidiyon biki da saƙonnin WhatsApp suka cinye rabinsu.

A ce ma ka yarda ka biya datar, ka share hotunan. Saura hanyar da sautin zai bi daga waya zuwa kunne, kuma a nan ne abin ya fi ba da dariya. Bluetooth na yau da kullum ba ya iya ɗaukar cikakken sauti. Bututunsa ƙarami ne, dole waya ta sake matse waƙar kafin ta aika wa iyafis ko sifika, kuma hanyar da yawancin kayan kasuwa ke amfani da ita ba ta wuce kilobit ɗari uku da 'yan kai. Apple ya faɗa a fili cewa AirPods ɗinsa masu tsada ba sa ba da cikakken sauti ta Bluetooth. Spotify ma da ya fito da nasa, shawarar da ya bayar ita ce a yi amfani da Wi-Fi da iyafis mai igiya. Mataki na ƙoli kuwa sai an sayi wata na'ura daban an jona wa wayar. Ke nan saurayin da ya kunna Lossless, ya maƙala iyafis marar igiya da ya saya a bakin titi, ya shiga trotro daga Madina zuwa Circle, inji na ƙara, yaron mota na kiran fasinja, abin da ya yi shi ne ya sayi ruwa tanki guda, aka tace masa ta bakin buta, ya sha a tsakiyar kasuwa. Data ta tafi, batir ya tafi, abin da ya shiga kunnensa bai fi na maƙwabcinsa da ke kan 160 ba.

Sai ya ƙure ƙara don ya danne hayaniyar mota, kuma wannan ya fi duk sauran ban tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro, ta kuma ce babba kada ya wuce awa 40 a mako a kan ƙara mai ma'aunin desibel 80. Malaman makaranta sun san yaron da sai an kira sunansa sau uku. Kunnen da ya lalace ba ya dawowa, kuma ba manhajar da ke sayar da sabo.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: wace waƙa muke ji? Cikakken sauti ma'anarsa kawai a ba ka fayil ɗin kamar yadda aka ɗora shi. Idan abin da aka ɗora gurgu ne, gurgu za ka samu, sai dai ya fi nauyi. Waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Musa Ɗankwairo, da Ɗan Maraya Jos, da Barmani Choge, waɗanda iyayenmu ke nema mu sa musu a waya, an ɗauki yawancinsu ne a faifan garmaho da kaset da ɗakunan rediyo da filayen wasa. Da yawa daga abin da ke yawo a intanet an kwafo shi ne daga kaset ɗin da ya sha rana ya sha ƙura. Ko ka biya dala ɗari a wata, shuuu ɗin kaset ɗin za ka ji, tas kuwa. Haka karatun Alƙur'ani da tafsiri da waƙoƙin bege da mutane ke saurare a waɗannan manhajoji: murya ce, kuma murya ba ta buƙatar kilobit mai yawa kafin ta fito sarai.

Sababbin waƙoƙin da ke zuwa mana daga Kano da Kaduna, na su Ali Jita da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker, a situdiyo ake yin su da kwamfuta, suna fitowa da kyau. Inda suke lalacewa shi ne a hanya. Wani ya ciro waƙa daga bidiyon YouTube ya mai da ta MP3, wani mai shafi ya ɗora sunansa da lambarsa a kai ya sake matsewa, wani ya sa ta a sitatus, wani ya sake cirowa daga can. Kowace matsa tana zubar da wani abu da ba ya dawowa, kamar takardar jarrabawa da aka yi wa hoton hoto har sau biyar, har lamba uku ta koma takwas. Xender da katin memori ba su da laifi a nan, su suna kwafa ne yadda aka ba su. Wanda ya bar irin wannan fayil ya koma manhajar da mawaƙin ya ɗora waƙarsa da kansa, ko a kilobit 160 ne, zai ji kamar an wanke masa kunne. Wannan shi ne ƙarin ingancin da ya dace da mu, kuma ana samunsa har a tsarin kyauta.

To shin kada a biya ke nan? A'a, ba haka muke cewa ba. Wanda ke da hali ya biya, amma ya san abin da yake saye. Yana sayen hutu daga talla, da damar sauke waƙa inda akwai Wi-Fi ko da bandul ɗin dare ya ji ta duk mako ba tare da data ba, da kuma ɗan abin da zai kai ga masu waƙar. Kamfanonin sun san aljihunmu ba irin na Amurka ba ne, shi ya sa farashinmu ya yi ƙasa da nasu sosai. Da Spotify ya shigo Gana da Najeriya da wasu ƙasashe sama da 80 a Fabrairun 2021, a Najeriya naira 900 ya sa a wata, lokacin da Ba'amurke ke biyan dala 9.99. Amma a lura da inda aka dosa. A Amurka farashin ya zauna a 9.99 fiye da shekara goma, sai ya koma 10.99 a 2023, ya koma 11.99 a 2024. A Najeriya naira 900 ta zama 1,300 a 2024. Farashin shigowa kasuwa daban, farashin bayan an saba daban, kuma ranar da ka daina biya, waƙoƙin da ka sauke duk sun kulle. Haya ce kake yi. Kaset ɗin babanka har yau nasa ne.

Inda kuɗin talaka ya fi zurarewa ma shi ne sabuntawa da kanta. A ba ka wata ɗaya kyauta, ka sa katinka, ka manta, wata uku ana cira kana zargin banki. Sai kuma masu sayar da gurbi a tsarin iyali ta WhatsApp. Ƙa'idar Spotify ita ce mutum shida da ke zaune a gida ɗaya. Wanda ya sayi gurbi a hannun baƙo, ranar da aka cire shi ba shi da wanda zai kai wa ƙara. Mafi muni su ne manhajojin da aka fasa, waɗanda ake tura wa juna wai komai kyauta. Jama'a, wayar da za ka sa wa wannan abu ita ce mai ɗauke da MoMo ɗinka. Ba ka san wanda ya fasa ta ba, ba ka san me ya cusa a ciki ba, ka ba ta izinin karanta saƙonninka don ka tsere wa kuɗin da bai kai na waakye kwano biyu ko uku ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ga Audiomack da Boomplay da tsarin kyauta na Spotify nan a buɗe, halal ɗinka, talla kawai za ka jure.

Mu zo kan mawaƙi, don da sunansa ake roƙonmu mu biya. Spotify ya ce kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da yake samu daga waƙa yana komawa ga masu haƙƙinta, ya kuma ce ya biya dala biliyan 10 a 2024, mawaƙan Najeriya suka samu sama da naira biliyan 58 a shekarar. Kuɗi ne mai yawa. Amma yadda ake rabon ya kamata mai biya ya sani. Kuɗinka ba ya tafiya ga wanda ka saurara. Ana zuba na kowa a tukunya ɗaya ta ƙasar, a raba gwargwadon yawan saurare. Idan ka kwashe wata kana jin wani mai bege na unguwarku shi kaɗai, mafi yawan kuɗinka zai tafi ne ga manyan taurarin da ƙasa duka ke ji. Tunda tukunyar Gana ƙarama ce, saurare ɗaya daga Nima bai kai darajar ɗaya daga Landan ba. Daga Afrilun 2024 kuma, waƙar da ba ta samu saurare 1,000 cikin wata 12 ba, Spotify ba ya biyan mai rikodin ɗin kuɗin saurarenta.

Tsarin yana yi wa wasu rana, ba musu. Black Sherif, ɗan Zangon Konongo, ya zama mawaƙin Gana na farko da ya haura saurare miliyan 100 a Boomplay a 2022, abin da VIP na Nima ba su samu irinsa ba a zamanin kaset da CD, duk da sunan da suka yi. Amma mai waƙar Hausa a Gana, wanda masu jin harshensa tsiraru ne a ƙasar, yana can ƙasan tukunya. Wanda ke son ya taimake shi da gaske, kuɗin da zai ƙone a data saboda cikakken sauti gara ya tura masa ta MoMo, ko ya gayyace shi suna ko walima ya biya shi da daraja. Su ma mawaƙan namu akwai aiki a kansu. Su karɓi asalin fayil ɗin waƙarsu daga situdiyo, wanda ba a matse ba, su adana shi a wuri fiye da ɗaya, su ɗora da kansu da sunansu, kafin wani mai shafi ya ɗora gurguwar kwafi ya riƙa karɓar abin da ya fito. A wajensu ne cikakken sauti yake da amfani na haƙiƙa, domin daga shi ake cire kowace kwafi, yau da shekara talatin masu zuwa. Abin da ya sami waƙoƙin su Shata ya isa darasi.

Ga mai sauraro, aikin minti biyu ne. Ya shiga saitin manhaja, ya raba ingancin sauti gida biyu: na data ya bar shi a 96 ko 160, na Wi-Fi da saukewa ya ɗaga yadda wayarsa za ta ɗauka. Ya kashe bidiyon da ke motsi a bayan waƙa, don shi ma data yake ci. Idan akwai rarar kuɗi, iyafis mai igiya mai kyau wanda ke toshe hayaniya zai canza masa jin waƙa fiye da kowane mataki da za a sayar masa, kuma zai sa ya rage ƙara.

Saura hukuma. A Yulin 2025 Ma'aikatar Sadarwa ƙarƙashin Sam George ta sa kamfanonin waya suka ƙara yawan datar da ke cikin bandul, MTN da kashi 15 cikin ɗari, Telecel da AT da kashi 10, bayan an soke harajin E-Levy a Afrilun shekarar. Wannan ya nuna idan gwamnati ta so, ana jin maganarta. Muna kira gare ta da hukumar NCA da Babban Bankin Gana su duba kuɗaɗen wata-wata da ake cira kai tsaye. Duk kamfanin da ke karɓar kuɗin 'yan Gana, na waƙa ne ko na fim, a wajabta masa ya turo saƙo kwana uku kafin ya cira, da adadin kuɗin a sidi, da hanyar fita wadda ba ta fi ta shiga wuya ba. Boomplay ya daɗe yana sayar da tsarin yini da na mako, wanda ya dace da mai samun kuɗinsa kullum-kullum. Sauran ma a nemi su yi haka, su karɓi MoMo, kada sai mai katin banki. Manhajar da za ta ba mutum maɓallin Lossless kuma, ta rubuta masa kusa da shi giga nawa zai ci a awa ɗaya, kafin ya danna.